Zane Mai Motsi: Hura Rai Ne, Sihiri Ne, Ko Zane Ne Kawai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malamin Islamiyya ne a wani ƙauye na ƙasar Ringim. Na koyi haɗa katun a waya, na yi wani ɗan gajere na yaro yana alwala, kuma ɗalibaina da ke rikita jerin gaɓoɓi sun gyara bayan sun kalla. Da labari ya kai kunnen wani dattijo cikin iyayenmu, sai ya kira ni ya ce na haɗa laifi biyu: na zana mai rai, na kuma sa shi motsi. A cewarsa motsin nan ko dai kwaikwayon hura rai ne, ko irin abin da matsafan Fir'auna suka yi da igiyoyinsu. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Mene ne gaskiyar lamarin?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, malamai suna da ƙa'ida cewa ba a hukunta abu sai an san ko mene ne shi. To bari mu fara da motsin, domin a nan ruɗanin ya fi yawa.

Babu zanen da ya taɓa motsi a wayarka. Ɗauki littafin rubutu, a kusurwar shafin farko ka zana guga a bakin rijiya. A shafi na biyu ka sake zana shi ya ɗan yi ƙasa kaɗan, a na uku ya ƙara, har shafi talatin. Ka riƙe gefen da babban yatsa ka saki shafukan da sauri, za ka ga guga yana zurmawa. Ka tsaya a kan kowane shafi, ga gugan nan a daskare yadda alƙalaminka ya bar shi. Aikin da wayarka take yi ke nan, sai dai ta fi yatsanka sauri. Fim ɗin silima yana jero hoto 24 a kowane sakan, talabijin irin tamu 25. Masu katun sukan wadatu da zane 12 a sakan, kowanne a nuna shi sau biyu, wato minti ɗaya yana cin zane 720. Manhajar da ke cike maka tsakanin zane da zane lissafi kawai take yi, ta ƙara wasu zanukan a tsaye.

To ina motsin yake? Yana cikin mai kallo. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya ga yaro ya zaro bakin wuta daga murhu da dare yana wulwula shi, sai a ga zoben wuta, alhali garwashi ɗaya ne a wuri ɗaya a kowane lokaci. Ido ba ya sakin abin da ya gani nan take. Ibnul Haisam, masanin ilimin gani wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi magana a littafinsa Kitabul Manazir kan abin wasa mai juyawa irin katantanwa: a shafa masa launuka daban-daban, in ya yi gudu sai ido ya ga launi ɗaya. Wannan rabin bayanin ne. Sauran rabin, a 1912 wani masani a Jamus, Max Wertheimer, ya nuna cewa idan aka nuna abu a nan, aka ɗauke, aka nuna irinsa kusa da shi cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, ƙwaƙwalwa da kanta take ƙulla su ta ce abu ɗaya ne ya matsa. Fitilun adon da ake ratayawa a shaguna, waɗanda ake gani kamar wuta tana zagayawa a guje, babu ƙwan da ya bar mazauninsa. Kunnawa da kashewa ne bi da bi. Allah ne ya halicci ido da ƙwaƙwalwa a kan wannan ɗabi'a, kuma da ita ne makiyayi yake gane tunkiyarsa da ta shige bayan kuka ita ce ta ɓullo ta ɗaya gefen. Ni kam duk lokacin da na tuna wannan sai imanina ya ƙaru.

Saboda haka maganar hura rai ba ta taso ba. Hadisin Ibnu Abbas da ke cikin Buhari da Muslim, cewa za a ɗora wa mai sura ya hura mata rai kuma ba zai iya ba, a kan yin surar yake magana, ko tana motsi ko ba ta yi. Motsi daban, rai daban. Injin niƙa ma yana motsi.

Batun sihiri ya fi cancantar a tsaya masa, domin dattijon nan bai ɗauko maganar daga sama ba. A Suratu Ɗaha aya ta 66 Allah ya ce igiyoyin matsafan Fir'auna da sandunansu ana suranta wa Annabi Musa, saboda sihirinsu, cewa suna tafiya. Har malami Jassas ya kawo a littafinsa Ahkamul Ƙur'an cewa zaiba suka ɗura a ciki, da zafi ya taɓa ta sai ta motsa su. Kamanni akwai shi: nan an ga motsi, can an ga motsi. Amma a duba Suratul A'araf aya ta 116: sun sihirce idanun mutane, sun kuma tsorata su. Sun ɓoye sababin, sun yi da'awar ƙarfin da ba su da shi, sun yi domin su ture gaskiyar da Annabi ya zo da ita. Asalin kalmar sihiri a Larabci ma abin da sababinsa ya ɓuya ne. Naka kuwa sababinsa a fili yake, ana koyar da shi, ɗan aji uku zai iya da fensir, ba tsubbu, ba neman aljani, kuma kowa ya san zane yake kallo. Wanda ya ɗauki wannan fasaha ya je ya ce wa mutanen karkara rauhanai ne suke masa aiki don ya ci kuɗinsu, ko ya haɗa hoton wani bawan Allah yana faɗin abin da bai faɗa ba, ya yi haram babba, amma ƙarya da damfara ne suka haramta aikinsa.

Idan motsi ya fita, sauran zanen kansa, kuma a nan ne maganar dattijo take da nauyi na gaske. Hadisan narko a kan masu sura ingantattu ne, har da na Ibnu Mas'ud cewa suna cikin mafi tsananin azaba ranar ƙiyama. Da yawan malamai, irin su Nawawi a sharhinsa na Muslim, sun haramta zana mai rai ko a takarda ne. Wanda ya bi su bai yi tsanani na banza ba.

Mazhabar Malik da aka karantar da mu a zaurukan ƙasar nan ta rarrabe. Shehu Dardir a sharhin Muhtasar na Shehu Halilu ya bayyana cewa haram ita ce surar mai rai mai cikakkun gaɓoɓi wadda take da inuwa, wato mutum-mutumi. Marar inuwa, kamar zane a bango ko a takarda, makaruhi ce, in kuma a abin da ake takawa ne sai ta sauko zuwa saɓanin abin da ya fi. Suna kafa hujja da togaciyar da ta zo a hadisin Abu Ɗalha, ta zanen da ke jikin tufa. Sannan ga sassaucin da Shari'a ta yi wa yara: Nana A'isha tana da 'yan tsana a ɗakin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, har da doki mai fukafukai kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito, kuma Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin suna yi wa yara abin wasa na ulu don su jure azumin Ashura.

Abin da nake gani, katun ɗinka ya halatta. Ba shi da inuwa, ba a rataye yake ana girmama shi ba, ka kashe waya ya ɓace, kuma koyar da yara farilla buƙata ce da ke ɗauke karhanci. Ko irin wanda ake gani kamar mai kauri, haske ne a shafaffen gilashi, hukuncinsa ɗaya. In kana son fita daga saɓani gaba ɗaya, alwala ta ba ka dama: nuna hannuwa, ƙafafu, buta da ruwa, ka bar fuskar ba ido ba hanci, domin malamai suna cewa sura kai ce.

Wuri ɗaya hukuncin yake canzawa. Akwai masu ƙera mutane da dabbobi da yumɓu, su matsar da su kaɗan-kaɗan suna ɗaukar hoto. Wannan sai an fara yin mutum-mutumi mai inuwa, kuma Dardir ya rinjayar da haramcinsa ko da na ɓawon kankana ne da ba zai daɗe ba. Ka nisanci cikakkiyar sura a wannan hanya. Haka kada ka kusanci zana Annabawa, Mala'iku ko Sahabbai, kada tsiraici ya shiga, kuma duk abin da za ka koyar ka nuna wa wanda ya fi ka karatu tukuna, domin yaro in ya haddace kuskure da ido yana da wuyar kankarewa.

Shi kuwa Baba, kada ka je masa da waya. Ka same shi a zaure bayan La'asar, ka durƙusa ka gaishe shi, ka miƙa masa littafin nan na guga da rijiya ya saki shafukan da yatsansa. In ya gamsu, alhamdu lillahi. In ya ce shi yana kan haramcin zane, to ra'ayin manyan malamai ne ya riƙe, kada ka ja da shi, kuma kada ka nuna wa jikokinsa sai da izininsa.

Allah ne mafi sani.