Akwatin da zai ɗauki bes

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce masu kiɗan bikin nan sun sayo amfilifayar bes (jitar nan mai kaurin sauti) mai wat 500, sun roƙe ka ka raka su Sabon Gari zaɓen akwatin sifika, kuka tarar da guda biyu: ɗaya mai sifika huɗu 'yan inci 10, an rubuta masa wat 400 da om 8 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta), ɗayan mai sifika guda ta inci 15 da aka manna wa takardar wat 2000. Kana tsoron amfilifayar ta ƙona na farkon, shi ya sa hankalinka ya karkata ga na biyu. To, kada su fitar da ko sisi tukuna.

Fara juya amfilifayar ka karanta rubutun da ke kusa da ramin wayar sifika. Galibi za ka ga wat 500 ɗin nan a kan om 4 take bayar da shi. In ka jona mata akwati mai om 8, abin da za ta fitar wajen 300 ne, wata ma 250. Ka ga ke nan akwatin wat 400 ɗin yana da sauran fili, tsoronka bai da tushe.

A wajen om gizo ke saƙar, don haka bari in daɗe a kansa. Duk lokacin da om ya ragu, amfilifaya tana jan wuta da yawa, tana kuma ɗaukar zafi. Kowace tana da iyakar da ba ta sauka ƙasa da ita, yawanci om 4, 'yan kaɗan ne ke jure om 2. Ramuka biyun nan da kake gani a bayanta, ko a bayan akwati, haɗin gefe da gefe ne, wato in ka jona akwati biyu om ɗinsu raguwa yake: 8 da 8 su ba ka 4, 4 da 4 su ba ka 2, 8 da 4 kuwa su ba ka wajen 2.7, kuma mai om 4 ɗin shi zai sha kashi biyu cikin uku na ƙarfin. Wanda ya ɗora wa amfilifayar om 4 nauyin om 2, in ta zamani ce mai kariya za ta riƙa ɗaukewa ana tsakiyar rawa. In tsohuwa ce, tiranzistocinta za su tafi. Balle a watan Afrilu, ƙarƙashin rumfa, fankar cikinta ta toshe da ƙurar hunturun da ya wuce.

Kuma kada ka yarda da rubutun jikin akwatin gwanjo. Da yawansu sun bi ta hannun masu naɗin sifika irinmu. Tafi da mitar auna om. Akwati mai om 8 zai nuna maka tsakanin 5 da 7, mai om 4 ya nuna wajen 3, don mita ba ta auna shi yadda yake a lokacin kiɗa, kullum tana nuna ƙasa kaɗan. Ga misalin da zai sa ka gane hatsarin. Shahararren akwatin nan na kamfanin Ampeg mai sifika takwas 'yan inci 10, abokin tafiyar amfilifayar SVT mai wat 300 da ta fito a 1969, kowace sifika a cikinsa om 32 ce, an haɗa su gefe da gefe suka ba da om 4. Yanzu a ce wani ya cire su ya zuba masu om 8 na kasuwa, ya bar wayoyin yadda ya same su. Akwatin ya koma om 1, rubutun bayansa na nan yana cewa 4. Wa zai gaya maka in ba mita ba? Tun da na ambaci SVT, ka riƙe wannan: amfilifaya irinta, mai kwalabe a madadin tiranzisto, tana da tiransifoma a mafitarta, dole om ɗin akwati ya dace da ramin da ka jona, kuma ba a taɓa kunna ta babu sifika. Ta mutanenka ba irin wannan ba ce, amma wata rana za a kawo maka.

Wat 2000 kuwa, ka duba 'yan ƙananan haruffan da ke gefensa. In ka ga PMPO, ado ne na kwali, ba ya auna komai. Lambar da muke aiki da ita ita ce ta RMS, wato abin da koyil, naɗaɗɗiyar wayar cikin sifika, zai jure a jere ba tare da ya ƙone ba. Kamfanonin kirki sukan rubuta lamba uku: ta RMS, sai ninkinta biyu na lokacin kiɗa, sai ninki huɗu na bugu ɗaya. Mai shago babbar zai nuna maka, kai ƙaramar za ka nema.

Ita ma RMS ɗin rabin labari ce, don zafi kawai take faɗa. Bes na kashe sifika ta wata hanyar kuma. Wayar ƙasa ta bes mai waya huɗu tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, ta mai waya biyar sau 31, alhali jita ta yau da kullum a 82 ta tsaya. Duk sanda sauti ya sauka da rabi, sai takardar sifika, wato fuskarta mai tura iska, ta ninka tafiyarta gaba da baya sau huɗu kafin ta ba da ƙara iri ɗaya. Takardar kuma tana da iyakar tafiya. Sifikar da aka rubuta wa wat 400 tana iya kai wannan iyaka da ƙarfin da bai kai rabin haka ba, in mai kiɗa ya murɗe maɓallin bes har ƙarshe. Ƙarin desibel 6 (ma'aunin ƙara ke nan) a wannan maɓalli ninki huɗu ne na ƙarfi yake nema. Za ka ji sautin ya daina zagayewa ya koma fat-fat, wani lokaci har da ƙwas, koyil ya bugi gindi. Da ka ji haka a rage nan take, ko mita me ta ce. Akwati mai ramin iska ya fi shiga wannan hatsari, domin ƙasa da sautin da aka daidaita ramin a kai, babu abin da ke riƙe takardar, lilo kawai take yi ba ta ba da komai. In amfilifayar na da abin yanke sautin can ƙasa, a sa shi wajen kaɗawa 30 zuwa 40 a daƙiƙa.

Abin da ke sa a ji bes a filin biki shi ne yawan iskar da akwati ke turawa, da kuma yadda yake mai da wat ƙara. Nemi lambar desibel da aka auna da wat 1 a nisan mita 1. Akwati mai 98 zai yi da wat 150 abin da mai 95 sai da 300 zai yi. Daga wat 300 zuwa 500 kuwa bambancin desibel 2 ne da ɗan ɗoriya, kunne da ƙyar yake lura. Sannan sifika huɗu 'yan inci 10 in ka haɗa faɗin takardunsu sun fi guda ta inci 15 da kusan rabi. Maganar da ake yi a kasuwa cewa inci 15 ce kaɗai ke kai sauti ƙasa, ni ban yarda da ita ba. Girman akwatin da yadda aka lissafa raminsa su ke yanke wannan.

Na san za su ce to a sayi duka biyun a ɗora ɗaya kan ɗaya, don sun ga ana yi. In dukansu om 8 ne amfilifaya ba za ta yi gardama ba, amma raba daidai za ta yi, 250 nan, 250 can. Kamar a raba buhu takwas ne, huɗu a ba ƙarti huɗu, huɗu a ɗora wa mutum guda. Ta inci 15 ɗin ita za ta fara kuka, ga ta a ƙasa kusa da ƙafa inda mai kiɗa ba ya jin kukan. Shawarata su ɗauki mai sifika huɗun yanzu. In Allah ya hore nan gaba su ƙaro irinsa sak, om ya zama 4, amfilifayar ta saki 500 ɗinta, su samu ƙarin wajen desibel 5 ba tare da an matsa wa kowace sifika ba.

Za ka kuma ji ana cewa ƙaramar amfilifaya ce ke ƙona sifika. Ƙanƙantarta ba ta ƙona komai. Hannun da ya matsa mata ne har sautinta ya datse, jar fitila ta tsaya a kunne, koyil ya rasa sararin hucewa. Tuwita, ƙaramar sifikar siririn sauti, ita ce ke fara mutuwa a irin wannan.

Kafin a biya, ka taɓa batir mai bolt 9 a wayar akwatin ka duba: duk takardun huɗu su motsa tare, gefe guda. In ɗaya ta shiga sauran sun fito, an juya mata waya, bes ɗin zai shanye kansa. Danna kowace takarda a hankali da yatsu a baje, kada ka ji gurzawa. Kai hancinka bakin ramin iska, ƙonannen koyil ba ya ɓoye ƙaurinsa. Su zo da bes ɗinsu da amfilifayarsu a gwada a wurin, a buga wayar ƙasa da ƙarfin da za su yi a fili, ba a hankali don jin kunyar mai shago ba. Kuma su sayi wayar sifika mai kauri, kada su jona akwati da siririyar wayar jita. In mai shagon ya hana a kwance marfin baya a ga sifikun da ke ciki, ku wuce shago na gaba.