Ku Tambaya Mu Amsa: Shef ya ce in goge fish ɗin da ba su cancanta ba, in goge?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Yaya, ina wuni, ya aiki ya zafi. Ni ma'aikaciya ce a wata ƙaramar ONG, wato ƙungiya mai zaman kanta, nan Damagaram. Mun yi anket, wato binciken tambayoyi gida-gida, a ƙauyukan wajen Mirya da Magarya kan yara masu wata 6 zuwa 59, ana awon dantse don gano tamowa ana kuma tambayar uwaye batun abinci da ruwan sha. Da KoboCollect aka yi aikin, manhajar waya da ake cika fom a tura rumbun Kobo, fish 640 wato fom ɗin da aka cika suka shigo, na haɗa su da Power BI, manhajar zana rahoto, na yi allon rahoton nan, tablo de bor, wanda shef ke nuna wa masu ba da kuɗi. To da na duba sai na ga akwai na gwaji da aka cika ranar formasiyon, wato horon ma'aikata, a biro, akwai waɗanda suka shigo sau biyu, akwai yaran da suka wuce shekara biyar, akwai kuma matan da suka ce ba su yarda a tambaye su ba amma fish ɗin ya shigo. Na sa filtir, wato matatar da ke ɓoye su, a shafi ɗaya na allon, yanzu shafin farko na cewa 640 na biyu na cewa wani abu daban, shef ya ga haka ya ce kawai in shiga Kobo in goge su kowa ya huta. Ya kuma ce in haɗa da na wani ƙauye guda da duk matan suka ce ba su samu tallafi ba, wai ƙarya suke don a ƙara masu. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ya zan yi?

Ƙanwarka daga Sabon Gari, Damagaram

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, lafiya lau, zafi kam sai haƙuri. Hankalinki da bai kwanta ba shi ne ya yi daidai, kar ki goge komai. In kika goge fish a Kobo ya tafi kenan, babu maɓallin da zai maido miki shi, kuma ranar da masu kuɗin suka ce ina sauran fish ɗin, anketer masu zuwa yin tambayoyin sun ce 640 suka aiko, ke za a kalla ba shef ba. Ni ya taɓa cin ni. Shekarun baya a wani wurin da na yi aiki na share wasu fish da na ɗauka maimaici ne don sunan uwa ɗaya, ƙauye ɗaya, GPS ma kusan ɗaya, ashe kishiyoyi ne biyu a gida guda kuma dukansu Nana ake ce musu. Sai da aka sake hawa moto aka koma ƙauyen, man ma daga aljihuna ya fita.

Abin da ake yi shi ne a yi wa fish alama a ajiye shi gefe, allon ya daina ƙirga shi amma yana nan a rumbu. Kobo da kanta tana da wurin yin haka, kowane fish ana iya sa masa an amince, ba a amince ba, ko a dakata tukuna, kuma in kika sauke bayanan a Excel za ki ga layin _validation_status ya fito da su. Sai dai wannan bai faɗin dalili, shi ya sa ni na fi son a buɗe wani ɗan fayil na Excel daban, lambar fish, dalilin cirewa, wanda ya yanke hukunci, da kwanan wata, shi kenan. Lambar da za ki riƙe ita ce _id. Kar ki dogara da _index, wannan lambar jeri ce kawai tana sauyawa in abin da aka sauke ya sauya.

Batun shafukanki da ke saɓa wa juna mai sauƙi ne. A Power BI filtir na iya zama kan zane ɗaya, ko shafi ɗaya, ko duk rahoton, ke kin sa a shafi ɗaya ne sauran suna ta ƙirga tsohon lissafi. Ko kin sa na duk rahoton ma wani zai iya zuwa gobe ya taɓa shi bai sani ba. Ki koma can baya cikin Power Query, sashen Power BI da ake gyara bayanai a ciki, tun kafin bayanan su iso allon, ki shigo da ɗan fayil ɗin nan na cirewa ki haɗa shi da babban tebur ta _id, in kwamfutarki da Faransanci take za ki ga Fusionner des requêtes, ki zaɓi irin haɗin da ake kira Anti gauche, shi ne ke barin layukan da babu su a jerin cirewa kaɗai. Daga nan duk wani zane da za ki yi daga tsaftataccen teburin zai sha. Kuma tunda anket ɗinku na yara ne ina kyautata zaton kowace uwa na iya samun yaro fiye da ɗaya, to Kobo na fitar da yaran a wani shafi na daban, in kika cire uwa kika manta da ƴaƴanta za su ci gaba da shiga lissafin tamowa alhali gidan nasu ba ya nan. Ki bi su ki cire su tare.

Yanzu ga inda aikin yake, wato wa za a cire. A nan mutane ke cakuɗa abubuwan da ba ɗaya ba.

Na gwaji ba gardama, ranarsu ta riga ranar fita daji kuma GPS ɗinsu na nuna biro ɗinku a cikin gari. Waɗanda suka ƙi yarda su ma amsarsu ba ta shiga, kuma bai kamata ma a riƙe sunansu da lambar wayarsu ba, adadinsu kawai za ki ajiye don ana son sanin mutum nawa suka ƙi. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar da ke kula da ita, HAPDP, don haka ko na waɗanda suka yarda ɗin ma suna da lamba da GPS na ƙofar gida ba su da abin yi a allon da za a haska a taro.

Maimaici kuma sai an yi a hankali, labarin Nana biyu bai ishe ki ba. A ƙauyukanmu gida ɗaya sai ki tarar da tukunya uku ko huɗu, kowace da iyalinta, GPS ɗaya ne, sunayen yara Sani, Hadiza, Ibrahim suna ta komowa. Sai kin ga lambar gida ɗaya, uwa ɗaya, yaro ɗaya, watanni ɗaya, awo ɗaya kafin ki ce maimaici ne, kuma ki tsayar da doka guda kan wanda za a bari, na farko ko wanda ya fi cika, ki bi ta ga kowa. In kina shakka kira shef d'ekip, shugaban tawagar, ya tambayi anketer, kiran waya ɗaya ya fi ki yi ta canki-canki.

Shekarun yara su ne suka fi ba da ciwon kai. Yaro mai wata 60 ya fita, haka tsarin yake, 6 zuwa 59. Amma ke ma kin sani uwaye da yawa ba su da takardar haihuwa, uwa za ta ce shekararsa biyar don ta fi sauƙin faɗi, anketer ya rubuta 60, alhali in an zauna an yi lissafi da azumi da babbar Sallah da kaka da daminar da aka haife shi wataƙila watansa 56 ne. Ki jera watannin ki gani, in sun taru tuli a kan 24, 36, 48 da 60 to kin san kintace aka yi. Ba ke za ki mayar da 60 ta koma 59 a kan tebur ba, wannan ƙirƙira ce. In ana iya komawa a tabbatar a koma, in ba a iya ba a cire yaron a rubuta dalili. Amma ki lura, yaron ne ya fita ba lalle gidan ba, in uwar tana da wani ƙaramin mai wata 20 to amsarta kan ruwa da abinci tana nan daram.

Akwai kuma fish ɗin da mutumin ya cancanta amma gurbi ɗaya ne ya lalace. Awon dantse da milimita ake rubuta shi, ƙasa da 115 ja wato tamowa mai tsanani, 115 zuwa 124 rawaya, 125 zuwa sama kore. Sai ki ga an rubuta 13.2, wannan santimita anketer ya sa, 132 yake nufi, in kika bar shi allon zai ƙirga lafiyayyen yaro cikin masu tamowa mai tsanani, in kuma kika jefar da fish ɗin duka kin yi asarar gida guda a banza. Irin wannan gyara ake yi a rubuta an gyara, in kuma lambar ba ta fassaruwa sam, a bar gurbin fanko a ci gaba da amfani da sauran amsoshin.

Sai ƙauyen da shef ke so a cire. A'a. Matan nan suna cikin yankinku, ƴaƴansu na cikin watannin, sun yarda an tambaye su, to sun cancanta, ana duba wane ne ya amsa ne ba me ya amsa ba. Wataƙila sun ƙara gishiri, yana faruwa, mutane sun san abin da ke biyo bayan anket. Wataƙila kuma gaskiya suka faɗa kayan bai iso gare su ba, kuma don a gano irin wannan ne aka kashe kuɗin anket ɗin tun farko. A ɗauko takardar rabo a duba sa hannu, a tura wani daban ba wanda ya je da farko ba ya sake tambayar gida biyar ko goma. Ki duba kuma ko anketer ɗaya ne ya cika su duka, Kobo na riƙe lokacin farawa da na gamawa da lambar waya ko tablet in an kunna su a fom ɗin, in tambayoyin da ke cin minti talatin an gama su a minti huɗu huɗu, GPS duk a gindin bishiya guda, to matsalar ta anketer ce ba ta matan ba. Amma dogon lokaci kar ya ruɗe ki, wani yakan ajiye fish bai rufe ba sai dare da ya samu caji. In an tabbatar ƙirƙira ce sai a cire da wannan dalilin a kuma faɗa a rahoto cewa ƙauyen ba shi da wakilci. Ki gaya wa shef da ladabi, ki ce ranka ya daɗe a rubuta min dalilin in sa a jerin da sunan wanda ya ba da umarni. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa.

A kan allon kuma ki yi ɗan akwati a sama da ke nuna lissafin a fili. Misali a ce na gwaji 18 ne, maimaici 11, waɗanda suka ƙi 9, waɗanda ba su da yaro ko ɗaya cikin watannin 23, jimla 61, saura 579. Kowane fish dalili ɗaya za ki ba shi ko da ya faɗa biyu, in ba haka ba jimlar ba za ta haɗu ba. Kuma abin ba ado ba ne, don sauƙin lissafi a ce yaro ɗaya ne a kowane fish, 29 suka faɗa ja cikin waɗanda suka cancanta, a kan 579 kashi 5 cikin ɗari ne, in allon na raba su da 640 zai nuna kashi 4 da rabi, kin rage tamowa a kan gilashi yaran suna nan yadda suke.

Don gaba, ki yi wa fom ɗin kwafi daban na formasiyon, kar a ƙara gwaji a cikin na aiki. Ki sa tambayar yarda a farko ta yadda in an ce a'a sauran ba za su buɗe ba. Watannin yaro kuwa ni ban so a kulle gurbin ya ƙi karɓar abin da ya wuce 59, don anketer da ya sha rana ya gaji zai buga 59 kawai ya wuce, ke kuma ba za ki taɓa ganewa ba. Bar shi ya rubuta 63 ɗinsa fom ɗin ya ce an gode ya tsallake awon. Dokokin cirewar nan kuma ki rubuta su a shafi guda shef ya sa hannu tun kafin anketer su hau moto, kafin kowa ya ga abin da ƙauyuka za su faɗa.

Ki fara da sauke duka 640 ɗin yau ki ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a kle USB da ke cikin durowa mai makulli, kafin wani ya riga ki shiga Kobo.