Me ya haɗa kwamfuta da ruwa?

Tambaya: Malam, ina jin ana cewa cibiyoyin adana bayanai na intanet suna shanye ruwan gari. Mu kuwa a saninmu ruwa lalata kwamfuta yake yi. To me suke yi da shi?

Amsa: Ruwan ba ya taɓa na'urorin, zafinsu yake kwashewa. Wutar lantarkin da kwamfuta ta ci, zafi take komawa, ga su kuma dubbai jere cikin zaure ɗaya, suna aiki ba dare ba rana.

Fankoki kan tura iskar mai zafi ta ratsa bututan ruwan sanyi. Ruwan ya ɗauki zafin, a janye shi zuwa hasumiyar sanyayawa a waje, a feshe shi cikin iska, wani kaso ya tashi ya bi iska. Dabarar randar ƙasa ce: abin da ya tsattsafo ya bushe, shi ke sanyaya na ciki. A lissafi, fitar da zafin kilowat ɗaya na awa guda ta wannan hanya yakan ci kusan lita ɗaya da rabi. Ragowar ma gishiri yake tarawa, dole a riƙa zubarwa ana ƙara sabo, kuma yawanci daga famfon da mutanen gari ke sha.

Nan rigimar take. A garin The Dalles na jihar Oregon a Amurka, cibiyoyin Google sun yi amfani da galan miliyan 355 a shekarar 2021, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na ruwan garin. Wannan adadin ma sai da aka kai ga kotu tsakanin hukumar garin da wata jarida kafin ya fito.

Ana iya sanyayawa da iska zalla, amma wuta ta fi tafiya, tashoshin samar da wutar masu amfani da gas da kwal kuwa su ma ruwa suke ci. Shi ya sa ban cika kula da jimillar ruwan da kamfanoni ke shelantawa ba. Abin tambaya shi ne wane ruwa, kuma a ina. A Hamina ta ƙasar Finlan, Google da ruwan teku yake sanyaya cibiyar da ya kafa a tsohuwar masana'antar takarda. A ƙasar Yurugwai kuwa, da fari ya tsananta a 2023 jama'a suka tayar da jijiyar wuya, cibiyar da yake shirin ginawa an mayar da tsarinta na sanyayawa da iska.