Hukuncin leburan da ya faɗo daga katakon gini

Tambaya: Malam, ni ɗan kwangila ne a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Wani leburana yana filasta a bene sai falankin da ya taka ya karye, ya faɗo ya karye a cinya. Shin akwai diyya a kaina?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Asali, wanda aka ɗauka aiki mai haɗari da yardarsa, in ya ji rauni ba a bin mai aiki diyya, domin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa rijiya da ma'adini ba su da ramuwa, kuma malamai sun shigar da wanda aka ɗauka haƙa ramin ya rufta masa a ƙarƙashin wannan hadisi. Amma wannan yana tsayawa ne inda babu sakaci.

Saboda haka abin dubawa shi ne wanda ya kafa wurin tsayawar. Idan kai ka kawo falankin da gara ta ci, ko ka sa aka ɗora shi a kan duro da bulo, aka ɗaure gora da tsohuwar igiya don tsimin kuɗin ƙusa da katako, alhali duk birkila ya san haka ba ya ɗaukar mutum da kwanon siminti, to kai ne sanadi, kuma lamuni yana kanka. Cewa ƙaddara ce gaskiya ne, sai dai ƙaddara ba ta kankare hakkin wani. Idan kuwa ka ba da kayan kirki, shi ya haɗa nasa da ganganci, babu diyya a kanka.

A mazhabar Malik ba a ƙayyade diyyar rauni sai ya warke. In ƙashin ya koma daidai bayan ɗori, babu diyya ƙayyadadda, kodayake wasu malamanmu sun ɗora kuɗin magani a kan mai sanadi, kuma wannan nake rinjayarwa ga leburan da ke ci daga aikin yini. In ya bar ɗingishi, alƙali zai kimanta gwargwadon naƙasar; in kuwa ƙafar ta daina amfani gaba ɗaya, rabin diyya ne. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ma tana iya hawa kanka, don haka ka nemi lauya, kuma kada ka matsa masa ya yafe yana kwance. Allah ne mafi sani.