Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Nake Farawa, In Kasa Ɗorewa?

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: mutane sun san ya kamata su gyara cin abincinsu, su riƙa motsa jiki, amma ɗorewar ce ta gagara. Mun zaɓi guda biyar, mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekaruna 38, aikin ofis nake yi. Duk farkon shekara sai in ɗaura ɗamara in ce na daina shan lemon kwalba, na daina cin soye-soye, kuma zan riƙa gudu kullum da safe. Ba na kai mako uku sai in koma gidan jiya. Na ji an ce kwana 21 ake yi abu ya zama jiki, to ni me ya sa nawa ba ya zama?
Daga wani ma'aikaci

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, lodin ne ya yi maka yawa. Abu uku ka ɗauka a rana guda, kowannensu kuma yana bukatar ka yi kokawa da ranka sau da yawa kafin dare. Ranar da ka kwana ba barci, ko aiki ya sha maka kai, ukun gaba ɗaya za su zube. Zafin nema ba ya kawo samu.

Maganar kwana 21 kuwa ba ta da tushe a bincike. A 2009, Phillippa Lally da abokan aikinta a jami'ar UCL da ke Landan sun bi mutum 96 na tsawon mako 12. Kowa ya zaɓi abu ɗaya da zai riƙa yi kullum a yanayi iri ɗaya. Matsakaicin lokacin da abin ya ɗauka kafin a riƙa yin sa ba tare da tunani ba shi ne kwana 66, kuma tazarar tana da faɗi, daga kwana 18 har zuwa 254. Ke nan a mako na uku da kake sarewa, ko rabin hanya ba ka kai ba. Wani abin da suka gano, wanda ya fi wannan amfani a gare ka, shi ne tsallake rana ɗaya bai ɓata aikin ba. Abin da ke ɓata shi shi ne mutum ya ce tunda jiya ta wuce ni, shi ke nan na fasa.

Ga yadda za ka sake ɗaukowa. Zaɓi abu ɗaya tak. Ka ƙanƙanta shi har ya zama ko a ranar da ba ka da kuzari za ka iya: tafiyar minti goma maimakon gudun minti arba'in. Sannan ka ɗaure shi da wani abin da dama kullum kana yi. "Zan riƙa tafiya" magana ce a iska. "Da na ajiye cokalin abincin rana, zan zaga ginin ofis na minti goma" ita ce ke da lokaci da wuri, kuma ajiye cokalin ne zai riƙa tuna maka. Idan da safe ne, ka fito da takalmi da kayan tun dare ka ajiye inda idonka zai fara sauka. Ka sami kalanda ka riƙa sa alama a ranar da ka yi. Idan rana ta kuɓuce, doka ɗaya ce: kada ta zama biyu a jere. Sai ka yi mako biyu cur ba ka jin nauyin abin sannan ka ƙara minti biyar.

Da za mu zaɓa maka, da lemon kwalbar za mu fara, domin ribarsa ta fi saurin bayyana. Robar lemo baƙi mai cin rabin lita tana ɗauke da sukari kusan giram 53, wato ƙaramin cokali 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, kimanin giram 50 ga babba, in da hali ma ya tsaya a giram 25. Roba ɗaya ta cinye kason ranar har da ɗori. Idan biyu kake sha, koma ɗaya; bayan mako biyu ka koma ƙaramar kwalba; daga nan rana bisa rana. Kada ka ajiye shi a firij na gida, don abin da hannu ke kaiwa gare shi cikin sauƙi shi ake sha. Kuma kada ka musanya shi da ruwan 'ya'yan itace na kwali ko ka malala zuma a shayi ka ce ka tsira, duk a lissafi ɗaya suke.

TAMBAYA: Ni uwa ce mai yara uku, ga aiki. Ba ni da lokacin zuwa gidan motsa jiki. Wayata kullum tana nuna min ban kai taku 10,000 ba, da ƙyar nake yin 4,000. Ina da wani abin yi kuwa?
Daga wata mai karatu

AMSA: Malama, kada wannan adadin ya karya miki gwiwa. Taku 10,000 ba daga likitoci ya fito ba, daga sunan wata na'urar ƙirga taku ce da wani kamfanin Japan ya fitar kasuwa a 1965. Adadin ya yi daɗin faɗi, sai ya bi duniya. A 2019, I-Min Lee ta jami'ar Harvard ta fitar da sakamakon bincike a kan mata tsofaffi sama da 16,000: waɗanda ke yin taku wajen 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 ƙarancin mutuwa a shekarun da aka bi su, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen 7,500, daga nan ya daidaita. Shekarunki ba su kai nasu ba, amma darasin ya shafe ki: duk ƙarin taku dubu yana da daraja.

Ma'aunin da ya fi dacewa ki riƙe shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020: babba ya yi minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. Minti 30 sau biyar a mako ke nan, kuma ba dole a jere ba. Goma da safe, goma da rana, goma da yamma duk sun shiga lissafi. Matsakaici shi ne tafiyar da za ki iya magana a cikinta amma ba za ki iya rera waƙa ba, kimanin taku 100 a minti. Tafiyar rangwaɗa da hira ba ta kai nan ba. Goman da ta fi kowace riba ita ce ta bayan cin abinci, domin tsokar da ke aiki tana zuƙe sukari daga jini a daidai lokacin da yake hauhawa.

Akwai rabin umarnin da mutane ke mantawa, wato ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ba sai da ƙarfuna ba. Ki sami kujera mai ƙwari ki jingina ta da bango, ki zauna ki tashi ba tare da dafa komai ba, sau 8 zuwa 12. Ki tsaya taku ɗaya daga bango, ki dafa shi da tafin hannu daidai kafaɗa, ki lanƙwasa gwiwar hannu har ƙirji ya kusanci bangon, ki tura ki dawo, shi ma sau 8 zuwa 12. Ki cika robobi biyu da ruwa, lita ɗaya kilo ɗaya ce, ki ɗaga su sama da kai. Ki huta minti ɗaya, ki maimaita zagayen sau biyu ko uku. Kwata ɗin awa ya ishe ki. Ki bar kwana ɗaya tsakanin ranakun, kuma kada ki riƙe numfashi yayin ɗagawa, yana ɗaga hawan jini nan take. Idan kika ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da kima, ki tsaya ki ga likita kafin ki ci gaba.

TAMBAYA: Tumbi ne ya dame ni. Kullum ina atisayen ciki sau ɗari, ina ɗaura bel ɗin roba mai sa gumi, ina kuma shan shayin rage ƙiba. Makon farko da na daina cin shinkafa da burodi na rage kilo uku, yanzu wata guda ke nan sikeli ya tsaya cak.
Daga wani magidanci

AMSA: Ranka ya daɗe, bari mu fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba: abubuwa ukun da ka lissafa babu wanda ke narkar da kitsen ciki. Atisayen ciki yana ƙarfafa tsokar da ke ƙarƙashin kitsen ne kawai, jiki ba ya zaɓar kitsen wurin da ake motsawa ya ƙona. Bel ɗin roba ruwa yake fitarwa, kana shan kofi biyu ya dawo. Shayin kuwa, da yawansu maganin sa zawo ne a ciki ko na sa fitsari, kuma yawan shan su yana zubar da sinadarin fotasiyam da zuciya ke bukata, ya kuma sa hanji ya saba har ya kasa aiki da kansa. Ka ajiye shi.

Kilo ukun nan ma yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kowane giram ɗaya tare da ruwa kusan giram uku. Da ka yanke abinci mai sitaci sai ajiyar ta ragu, ruwan ya fita. Kitse na gaskiya a hankali yake tafiya, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne abin da za a iya riƙewa.

A faranti ake cin wannan yaƙin fiye da a fili. Tafiyar rabin awa da sauri tana ƙona wa mai kilo 70 kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) wajen 150, alhali babban cokali ɗaya na man girki yana da wajen 120. Saboda haka a riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga galan. Ka raba farantinka: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu abin gina jiki kamar wake, ƙwai, kifi ko nama, sauran kashin kuma abincin sitaci, kimanin girman dunƙulen hannunka. Ba sai ka haramta wa kanka shinkafa ba, wanda ya haramta shi ne ke afka mata ranar da ya gaji. Ka fara da ganyen da abin gina jikin, za ka ƙoshi da wuri. Kayan lambu da 'ya'yan itace ana so su kai giram 400 a rana, dankali da rogo ba sa cikin wannan lissafin.

Ka kuma rage dogaro da sikeli. Ɗauki tef ɗin awo ka zagaya cikinka tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan ka fitar da numfashi, sau ɗaya a mako biyu. Abin da ake nema shi ne awon ya gaza rabin tsawonka: mai tsawon santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. Kuma ba sai tumbin ya ɓace ake samun lada ba. A wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa a 2002, mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari da aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsi na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo shida da ɗoriya ke nan.

TAMBAYA: Mahaifiyarmu tana da hawan jini, likita ya ce a rage mata gishiri. Mun daina sa gishiri, mun ƙara dunƙulen ɗanɗano don abincin ya ciwu. Daidai ne?
Daga wata ɗiya

AMSA: Allah ya ba Mama lafiya. A'a, ba a yi daidai ba, domin dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Iyakar da aka sa wa babba ita ce ƙasa da giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a burodi, kifin gwangwani, taliyar leda mai ƙunshin ɗanɗano da naman da aka sarrafa. Idan kwali ya rubuta sodiyam, ku ninka adadin sau biyu da rabi, shi ne gishirin.

Kada ku yanke lokaci ɗaya, kuma kada ku ware mata tukunya, wanda aka ware shi ne ke satar gishiri a ɓoye. Ku rage wa gidan duka kaɗan-kaɗan, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Albasa da tafarnuwa da citta da matsin lemon tsami suna rufe giɓin. A ɗauke gishiri daga wurin cin abinci. Gishirin nan da ake tallatawa mai fotasiyam kada a ba ta sai likitanta ya yarda, yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda da mai shan wasu magungunan hawan jini. Ko awonta ya sauka, kada ta daina maganinta da kanta.

TAMBAYA: Na fara motsa jiki shekaranjiya, yau ko matakala ba na iya hawa don ciwon cinya. Na ji rauni ne?
Daga wani ɗalibi

AMSA: Da wuya. Tsamin jiki ne na sabon shiga, yakan fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, ya lafa cikin 'yan kwanaki. Tafiya a hankali ta fi kwanciya saurin sake shi, sai ka rage nauyin atisayen idan ka koma. Amma ciwon da ya soke ka nan take a gaɓa, ko kumburi, ko fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, wannan na asibiti ne a ranar, ba na jira ba.