Za a iya kafa jam'iyyar manoma zalla, kuma ta ci zaɓe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin shinkafa ne a fadamar Suru, jihar Kebbi. Duk zaɓe sai a zo mana da alkawarin taki da injin ban ruwa, da an hau kujera kuma shi ke nan. Bana taki ya yi tsada, shinkafa kuma ta faɗi a kasuwa. Ni da abokaina muna shawarar kafa jam'iyyar da ba ta da wata magana sai ta noma. An taɓa yin haka a wani wuri? In an yi, sun ci zaɓe?
Daga wani manomi a Suru.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba da damina mai albarka. An yi, kuma ba sau ɗaya ba. An kafa jam'iyya don hana shan giya kawai, an kafa don 'yan fansho, don haƙƙin dabbobi, don ceto asibiti guda ɗaya tak, an kuma kafa ta manoma. Batun cin zaɓe ne ke buƙatar dogon bayani, domin mafi yawansu ba su ci kujerar a zo a gani ba, amma wasunsu sun samu abin da suka fito nema ba tare da kujerar ba.

Kafin mu je ƙasashen waje, sai ka san katangar da ke gabanku a gida. Sashe na 222 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce dole ƙofar jam'iyya ta kasance a buɗe ga kowane ɗan ƙasa, hedikwatarta ta kasance a Abuja, kuma sunanta ko tambarinta kada ya nuna ƙabila ko addini ko cewa ta wani yanki ce kaɗai. Sashe na 223 ya ƙara da cewa shugabanninta na ƙasa su fito daga aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohi. Ke nan noma ba haramtacciyar manufa ba ce, amma "jam'iyyar manoman Kebbi" ba za ta samu rajista ba. Sai kun samo shugabanni daga jihohi 24, mai rogo a Binuwai da mai koko a Ondo da mai doya a Neja. Ɗan takara mai zaman kansa ma babu shi a dokarmu, sai ta hannun jam'iyya.

Samun rajista ma ba shi ne ƙarshen wahala ba. A 2002 Kotun Ƙoli ta rushe wasu sharuɗɗan da INEC ta gindaya, a shari'ar da su Balarabe Musa da Gani Fawehinmi suka kai, daga nan jam'iyyu suka yi ta tsirowa har suka kai 91 a zaɓen 2019, masu neman shugaban ƙasa 73. Takardar ƙuri'ar shekarar nan kamar zanin ɗaurawa. A watan Fabrairun 2020 INEC ta soke rajistar 74 a rana ɗaya, bisa wani sabon sashe, na 225A, wanda ya ce jam'iyyar da ba ta ci ko kujerar kansila ɗaya ba, ko kashi 25 cikin ɗari a jiha ɗaya a zaɓen shugaban ƙasa, ko a ƙaramar hukuma ɗaya a zaɓen gwamna, ana iya share ta. Jam'iyyu 18 ne suka shiga zaɓen 2023.

A jamhuriya ta farko, da babu waɗannan sharuɗɗan, an yi jam'iyyu masu buƙata guda. UMBC ta Joseph Tarka abin da take nema shi ne a cire yankin tsakiya daga jihar Arewa. Ta haɗa kai da Action Group ta Awolowo, ta ci kujeru a ƙasar Tibi da maƙwabta, amma ba ta taɓa kusantar mulkin Kaduna ba. Soja suka haramta jam'iyyu a 1966, sai ga Gowon a 1967 ya yanka jihohi 12, har da Binuwai-Filato. Jam'iyya ta mutu, buƙata ta biya. NEPU kuwa ba ta magana ɗaya ba ce, amma lissafinta na 1959 yana da amfani a gare ku: ƙuri'a wajen rabin miliyan, kujeru 8 kacal cikin 312, saboda magoya bayanta a warwatse suke, a mazaɓu da yawa suna zuwa na biyu. A tsarin zaɓen da muka gada daga Ingila, na biyu da na goma duk ɗaya suke, hannu rabbana za su koma gida.

Misalin da na fi son koya wa ɗalibai shi ne na jam'iyyar haramta giya ta Amurka, wadda aka kafa a 1869, kuma har yau da sauran numfashinta. Ƙoƙarinta mafi girma a zaɓen shugaban ƙasa shi ne na 1892, inda John Bidwell ya samu ƙuri'a wajen 270,000, kashi 2 da ɗigo cikin ɗari. Gwamna ɗaya ta taɓa yi, Sidney Catts a Florida a 1916. Wanda zai auna ta da kujeru zai ce wasan yara ne. Amma a 1884 ɗan takararta ya kwashe ƙuri'a wajen 25,000 a jihar New York, akasari daga mutanen da a da jam'iyyar Republican suke zaɓa, sai Grover Cleveland na Democrat ya ci jihar da ratar da ba ta kai 1,200 ba, da ita kuma ya zama shugaban ƙasa. Tun daga nan manyan jam'iyyu suka gane 'yan tsirarun nan suna iya kayar da mutum ko da ba za su iya hawa ba.

Duk da haka, ba jam'iyyar ce ta kai ga haramta giyar ba. Wata ƙungiya ce da aka kafa a 1893, wadda ba ta tsayar da ɗan takara ko ɗaya. Abin da take yi shi ne ta duba 'yan takarar manyan jam'iyyu, wanda ya yarda da buƙatarta ta tura masa ƙuri'un mambobinta gaba ɗaya, wanda ya ƙi ta taru a kansa, ba ruwanta da tutar da yake ɗauke da ita. Da haka aka gyara tsarin mulki a 1919, dokar ta fara aiki a 1920. An soke ta a 1933, wannan wani labari ne daban. Ita kuwa jam'iyyar, a zaɓen 2012 ɗan takararta ƙuri'a 518 ya samu a faɗin Amurka, abin da akwati biyu a Bunza za su iya bayarwa.

UKIP ta Birtaniya ta maimaita wannan a zamaninmu. An kafa ta a 1993 don ƙasar ta fita daga Tarayyar Turai. A 2015 ta samu ƙuri'a kusan miliyan 3.9, kashi 12.6 cikin ɗari, kujera ɗaya tak cikin 650. Amma tsoronta ya sa Firayim Minista David Cameron ya yi alkawarin ƙuri'ar raba gardama, aka yi a 2016, kashi 52 suka zaɓi fita. Shekara guda bayan nan ta rufto zuwa kashi 1.8. Biki ya tashi, makaɗi ya naɗe ganga.

Na san wadda za ta fi burge ku ita ce ta Holan. A 2019 manoma suka cika tituna da taraktoci saboda shirin gwamnati na rage sinadarin naitirojin da ke fita daga kashin dabbobi da taki, wanda ke nufin rage garke da rufe wasu gonaki. A shekarar aka kafa BBB, jam'iyyar manoma da mazauna karkara, ƙarƙashin Caroline van der Plas. A 2021 kujera ɗaya ta ci. A watan Maris na 2023 ta zo ta ɗaya a dukkan larduna 12, abin da daga baya ya ba ta kujeru 16 cikin 75 a majalisar dattawa. Watanni takwas bayan nan, a zaɓen majalisar wakilai, kujeru 7 ta samu cikin 150, amma da su ta shiga gwamnatin haɗin gambiza a 2024. Kada ku yi saurin cewa to ai ga shi. A Holan ana raba kujeru ne gwargwadon kason ƙuri'a a ƙasa baki ɗaya, ƙasa da kashi 1 cikin ɗari ya isa ya kai mutum majalisa. Shi ya sa ma jam'iyyar kare dabbobi ta ci kujeru 2 a can a 2006. Da irin tsarinmu suke bi, kujerar farkon nan ta 2021 da ta ba BBB lasifika ba za ta samu ba. Tsofaffin jam'iyyun manoma na Suwidin da Finland kuwa da suka daɗe, sai da suka cire kalmar noma daga sunansu, a 1957 da 1965, don mutanen birni su shigo.

A tsari irin namu, ƙaramar jam'iyya tana ci ne idan ƙuri'arta ta taru a wuri ɗaya. A 2001 wani likita mai ritaya, Richard Taylor, ya tsaya a mazaɓar Wyre Forest ta Ingila a kan magana ɗaya, rufe sashen gaggawa na asibitin Kidderminster. Ya kayar da ƙaramin minista mai ci da ratar sama da 17,000, ya sake ci a 2005, ya faɗi a 2010. Ɗaya daga manyan jam'iyyu ta janye masa a zaɓukan biyun farko, wannan ma ya taimaka.

Maƙwabtanku na Zamfara sun ga irin wannan, ko da yake ta hanyar da babu wanda ya zata. A ranar 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, ƙuri'unta duk sun lalace. Bello Matawalle mai ƙuri'a 189,452 ya zama gwamna a kan mai 534,541. PDP ta kwashe sauran kujerun, ban da guda: Maru ta Kudu a majalisar jiha, wadda ta faɗa hannun NRM, jam'iyyar Sanata Sa'idu Ɗansadau. Can ne mahaifarsa, can ne kuma jam'iyyar ta zo ta biyu. NRM na cikin waɗanda suka tsira daga sharar 2020.

Shawarata, Alhaji, kada ku zuba kuɗin shinkafarku a neman rajista a Abuja. Ƙarfinku yana cikin fadama ne, daga Argungu da Augie zuwa Suru da Bagudo da Yawuri. Idan kujera kuke so, ku zaɓi mazaɓar majalisar jiha ɗaya cikin 24 inda manoman shinkafa suka fi yawa, ku karɓi tikitin wata jam'iyya mai rajista, ku tanadi wakili a kowane akwati wanda ba za a saye shi da kuɗin shayi ba. Zaɓen kansila ba na ba ku ƙwarin gwiwa a kansa, domin hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, kuma a kusan kowace jiha jam'iyya mai mulki ke lashe komai.

Idan kuwa taki da farashi kuke so, hanyar ƙungiyar nan ta Amurka ta fi sauƙi. Zaɓen gwamnan Kebbi na 2023 sai da aka je zagaye na cikon gurbi, kuma ratar da ke tsakanin Nasir Idris da Aminu Bande ba ta kai 50,000 ba. Shi kansa Nasir Idris, Kauran Gwandu, wanda ya ci zaɓen, daga shugabancin ƙungiyar malamai ta NUT ya fito, bai kafa jam'iyyar malamai ba. Ku fara da ƙirga kanku: manoma nawa ne a kowace gunduma suke da katin zaɓe a hannu, kuma nawa ne za su bi matsayar ƙungiya ranar zaɓe ko da an raba atamfa da taliya a daren jajibiri. Sannan ku taƙaita buƙatunku zuwa biyu ko uku waɗanda gwamna ko ɗan majalisar jiha ke da ikon yi, kamar watan da taki zai iso da hannun da zai raba shi, ban da farashin fetur da shigo da shinkafar waje, waɗanda a Abuja ake yanke su. Ku kai wa kowane ɗan takara a rubuce tun kafin zaɓen fidda gwani, ya sa hannu a gaban jama'a, a karanta a rediyo.