Ghost Ranch: Daga Hannun Ɓarayin Shanu Zuwa Hannun Coci

Malam, ka tambayi su wa suka mallaki Ghost Ranch, makeken filin kiwon nan na hamadar jihar New Mexico ta Amurka, kusa da garin Abiquiu.

A wajen shekarun 1880, wasu 'yan uwa da ake kira Archuleta ne ke riƙe da wurin. Ɓarayin shanu ne. A lungunan jajayen duwatsun suke ɓoye dabbobin sata, suka kuma baza jita-jitar cewa mayu ne ke zaune a can don kada kowa ya kusanto. Mutanen yankin suka riƙa kiransa gidan mayu da Sifaniyanci.

A 1928 wani Roy Pfaffle ya ci takardar filin a cacar kati. Matarsa Carol Stanley ta yi rajistarsa da sunanta, ta laƙaba masa sunan Ghost Ranch, ta mai da shi masaukin baƙi masu son hawan doki. Wani marubuci mai suna Arthur Pack ya saye shi a 1935.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne Georgia O'Keeffe, mai zanen da ta yi shekaru tana zana duwatsun nan. A 1940 ta sayi ɗan gida da eka 7 kacal a ciki, tana ji kamar duk nata ne. Da Pack ya kyautar da filin, eka kusan 21,000, ga Cocin Presbyterian a 1955, ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma wallahi na fahimce ta.

Har yau cocin ke riƙe da shi, an mai da shi wurin taro da karatu.